Habibu, Mai Tsayar da Fankoki Saboda Tsuntsaye

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, amma har yau idan na kunna fanka a shagona da ke unguwar Faisal a Alƙahira sai zuciyata ta karye.

Karatu na kawo shi yi Alƙahira daga garinmu a Nijar, shi kuwa ya ɓige da kallon tsuntsaye. Aikin da ya samu ke nan a gaɓar Bahar Maliya, inda aka kakkafa manyan fankokin da iska ke juyawa suna samar da lantarki. Na yi masa tsiya har na gaji. Na ce, "Wato ka baro korar tsuntsu a gonar Baba, ka zo Masar kana gadinsa?" Dariya ya yi, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. Zo ka gani da idonka."

Gani ya kori ji. Turaku ne farare, kowanne ya fi duk hasumiyar da na taɓa gani tsawo, sun jeru tsakanin duwatsu da teku har ƙarshen ganin ido. Na ɗaga kai sai da hulata ta faɗi. Kowane turke da fukafukai uku, ɗaya kaɗai ya fi tirela tsawo, kuma kan injin da kansa yake juyawa ya fuskanci iska. Wutar ta bi wayoyi ta ƙarƙashin yashi, har ta iske mu a birni.

Shi Habibu kan tudu yake tsayawa da madubin hangen nesa. Lokacin kaka fararen shamuwa kan biyo ta nan za su kudu, in suka yi ƙasa-ƙasa fukafukan na iya sare su. Ina tsaye ya hango garke, ya yi magana a rediyonsa. Sai ga ƙattin nan suna lafawa ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya cak. Tsuntsayen suka ratsa lafiya. Ya dube ni ya ce, "Wajenmu za su, Yaya."

Haka ya gaya wa Inna a waya: in ta ga fararen tsuntsaye a fadama, shi ya ba su hanya, kuma bana yana biye da su. Tun zuwansa bai koma gida ba. Inna ta sa aka yaɓe ɗakinsa.

Ana gama aikin kakar ya taho Alƙahira don shirin tafiya. Yana tsallaka titi wata babbar mota ta kwashe shi. Yaron da ake tsayar wa injina saboda tsuntsu, mota ba ta tsaya masa ba. A nan muka binne shi.

Bara na koma wurin aikinsa. Fankokin sun ƙaru, sababbin sun fi na da girma. Da yana nan, na san tsayinsu ba zai dame shi ba, tambayarsa ɗaya ce: wa ke kan tudun? Na duba, akwai wani a tsaye da madubi. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

An ce haƙuri maganin zaman duniya, ni dai har yanzu ina shan maganin ban warke ba. Habibu bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne wayar da Inna ke yi mini duk kaka. Allah Ya jiƙansa. Jiya ma ta kira, ta ce, "Sun iso, Sani. Su kaɗai."