Ranar da Aka Ce Mata Likita Ta Zo

'Yata ta fari ba ta cika shekara ba aka turo ni Gwarzo. Ina tsakiyar horon ƙwarewa a fannin yara ke nan, kuma ƙa'idar ita ce sai kowa ya ɗanɗana asibitin karkara kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Na je wurin babban likitan da ke koyar da mu, na rusuna, na ce ina shayarwa, a ɗan ɗaga mini ƙafa. Ko kallona bai yi ba.

"Dakta, mu ma da 'ya'yan muka yi," in ji shi. "In ba za ki iya ba, akwai masu jiran gurbinki."

Da 'ya'yan suka yi, gaskiya ne, amma matansu ne suka goya.

Mu biyu ne likitoci a asibitin, ba a jima ba ɗayan ya samu hanya ya tsallake ƙasar waje, aiki ya dawo kaina ni kaɗai. Ɗakin da aka ba ni yana jikin na masu ƙyanda, ga mijina can kudu yana aiki. Ina zan ajiye jaririya? Sai mahaifiyata, Inna, ta aiko daga ƙauyenmu Gammo ta ce a kawo mata ita yaye. A wajenmu sai yaro ya doshi shekara biyu ake kai shi gidan kaka, ya yi 'yan kwanaki, ya manta da nono, a mayar wa uwarsa. Tawa ko tafiya ba ta fara ba, kuma ba wanda ya yi zancen ranar dawowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wa'azin safe. Kullum sai na tsaya gaban matan ƙauyukan Mainika da Madadi, kowace da goyonta, in ce musu, "Ku shayar da 'ya'yanku har shekara biyu, kada ku yi gaggawar yaye." Ina faɗa ƙirjina yana zogi, nono yana jiƙa mini farar riga. Wata nas 'yar Filato, wadda muke kira Sista, ita ta lura. Ta ja ni ɗaki, ta yaga tsohon zani ta ɗaure mini ƙirji tamau.

"Yi haƙuri, Likita," ta ce. "Zai kafe."

Ya kuwa kafe.

Gwarzo da Gammo ba wani nisa ba ne, ɗan acaɓa zai kai ka ya dawo shayinsa bai huce ba. Amma damina ta sauka, zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje har da tabarmi a ƙasa. In na taka ƙofar asibiti da niyyar fita, sai ga wani uba a guje da yaro yana jijjiga. Na buga waya Kano ina roƙon a turo mai karɓata ko na yini guda, aka ce mini horon ke nan. A waya na ji ta fara tafiya. A waya na ji ta fara magana.

Sai da aka yi girbi aka turo wani likita ya karɓe ni na yini guda. Na sayi biskit da 'yan takalma ja, na hau babur ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

A gidanmu, tun ranar da na gama makaranta sunana ya ɓace. Har Baba ma, Likita yake ce mini, don alfahari. Ina shiga ƙanwata ta rangaɗa guɗa, "Likita ta zo! Likita ta zo!"

Yarinyar tana gindin turmi tana wasa da ludayi. Ta yar da shi, ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta ƙanƙame ƙafar Inna, tana kare ɗuwawunta da hannu ɗaya.

"A'a allura! A'a!"

Gida ya kwashe da dariya. Inna tana share hawayen dariya ta ce, "Ai lokacin da take kukan nono ba abin da ke sa ta shiru sai mun ce za mu kira Likita ta yi mata allura. Da haka muka samu barci."

Ba mugunta suka yi ba, haka ake yi wa kowane yaro a ƙauyen. Sun dai manta cewa a gidan nan Likitar ita ce uwar. Ga shi 'yar fari ce, kunya ba ta bari in bi ta ina rarrashi a gaban iyayena ba, balle in yi kuka. Sai ni ma na yi dariya. Na miƙa biskit, ta ƙi. Na miƙa takalman, ta shige ɗaki ta ɓuya bayan buhun gero, ta yini a can.

Da la'asar ɗan acaɓa ya dawo ɗaukata, don wanda ya karɓe ni zai koma Kano kafin magariba. Na yi sallama na fito. Ina zaure ina gyara mayafi na ji Inna tana cewa, "Fito, 'yar nan, Likita ta tafi."

Sai na ji 'yan sawunta a tsakar gida, na ji tana ƙyalƙyala dariya. Ban taɓa jin dariyarta da kunnena ba tun da aka raba mu. Na tsaya a zauren ina saurare, ban ko motsa ba, don kada ta gane ban tafi ba.