Tabarma da Buta a Hawa na Shida

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da ranar da na ba da hayar hawa na shida ba. Ku da kuke ofishin nan yanzu kun sha jin ana cewa ni na fara shigar da ɗan gari dogon benen kamfaninmu, har wasunku na yi mini kallon gwani. To, tunda na ajiye aiki, babu sauran ƙarin girman da nake jira, bari in gaya muku yadda gwanintar ta kasance.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowa a Sakkwato ya zama ɗan kwangila ko ƙanen ɗan kwangila. Kamfaninmu na gidaje ya gina bene mai hawa shida a bakin tsohon gari. Yau ba abin kallo ba ne, amma a wancan zamani mutumin ƙauye yakan tsaya ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Kowane hawa sashe biyu ne, abin da muke kira fulat: falo, ɗakuna uku, kicin, banɗaki da baranda. Akwai kuma lifta, wadda ke aiki ranar da aka kawo wuta kuma ta ga dama.

Ni a lokacin mataimakin jami'in gidaje ne, ƙaramin cikin masu tebur, kuma ina kan gwaji. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: za a ba ka sashe guda, ka nemo mai haya, ya sa hannu a yarjejeniya, ya tare. Bayan wata guda ka koma dubawa, ka rubuta rahoton cewa ka ga kayansa a ciki. Sai manaja ya sa hannu a rahoton nan ake tabbatar da kai a aiki. In wa'adin gwaji ya cika babu rahoto, ka koma inda aka ɗauko ka. Ni daga sito aka ɗauko ni, inda na shekara biyu ina shaƙar siminti, kuma na riga na yi wa mutanen sito bankwana irin ta wanda ba zai sake dawowa ba.

Manajanmu, Malam Ladan, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ba ni sashen hawa na shida wanda barandarsa ke fuskantar tsohon gari. Sauran sassan duk ma'aikatan banki da injiniyoyi sun kama, shi ya sa manyan kamfani suka ce wannan kam ɗan gari suke so, don a daina cewa an gina benen don baƙi. Barandun ƙasa da ke wannan ɓangaren, dogon sito na fatu da layin dogon yaro sun tare musu gaba. Nawa ne kaɗai ya leƙa sama da komai.

A Ƙofar Dundaye aka haife ni, amma kamfani ya tura ni kwas na wata uku a Legas, kuma wata ukun nan sun ishe ni lalacewa. Na dawo da kwat da laktaye, ina ɗaure wuyana a tsakiyar bazarar Sakkwato, zufa na bin bayana, ina jin ni ne ci gaban da ake faɗa. Babban abin da na haddace a kwas shi ne: a dogon bene, abin da ido ke hange ake sayarwa, ɗakuna gyara ne. Don haka na aro madubin hangen nesa wurin injiniyan ginin. Kullum bayan la'asar sai in hau baranda in kafa shi a ido, ina bitar jawabin da zan yi wa masu haya.

Na kawo attajirai har uku ko huɗu daga kasuwa, mai atamfa da mai hatsi da sauransu. Duk abu ɗaya suke yi. Su yaba ɗakuna, su buɗe famfo su rufe, su ja ruwan banɗaki su yi dariya. Da mun fita baranda sai magana ta ɗauke. Mutum ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah shi sa albarka," ya nemi matakala, ko liftar ba ya jira. Na yi nazari irin na masu kwas, na gano cewa tsoron tsawo ke damunsu. Na je na shaida wa manaja.

"Ranka shi daɗe, mutanenmu ba su waye ba tukuna. Bisa suka jin tsoro."

Malam Ladan ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Haka kag gani?" Ya ci gaba da rubutunsa.

Wa'adina ya kusa cika, warin siminti ya fara dawo mini a hanci, sai ga Alhaji Mu'azu ya shigo ofis da ƙafarsa. Babban falken shanu ne na Ƙofar Marke, mai loda motoci zuwa kudu. Ban taɓa zuwa gidansa ba, sunansa kawai na sani. Ya dubi laktayena ya daɗe, sannan ya ce, "Kai na yaron benen ga? Mu tahi in gani."

Ranar liftar ma ta yi mini kara. Muka shiga sashen, na fara nuna masa falo, ko kallo bai yi ba. Na buɗe famfo, ruwa ya zubo, bai waiwayo ba. Ya ce, "Ina wurin da aka tsayawa?" Na ce a raina, yau na gamu da wayayye. Na buɗe ƙofar baranda, na gyara murya.

"Alhaji, duba ikon Allah! Ga Hubbare can, ga kasuwa, ga hwadama har bakin gulbi. Nan in ka zamna, ba abin da ka ɓoye maka cikin garin ga."

Ya ce, "Ba abin da ka ɓoyewa?"

"Ko ɗaya!" Daɗi ya kama ni, na miƙa masa madubin. "Dubi gidan can mai dabino biyu, guda ya karkace. Kullum war haka wata tsohuwa na hitowa ta zamna bisa turmi, ta tuɓe kallabi tana taje hurhura. Jiya hwaɗa tay yi da akwiya, ta bi ta da muciya har zanenta na kwancewa. Wallahi awa silima, kuma kyauta!"

Na ƙyalƙyale da dariya, ni kaɗai. Alhaji ya kafa madubin a ido ya daɗe yana kallo. Da ya sauke, sai ya goge shi da hannun riga, ya zura a aljihu. Na ce ai na injiniya ne. Ya ce, "Ka ce mai shi zo in biya shi. Kawo takardarku." Nan take ya sa hannu, ya karɓi mabuɗi, bai nemi ragin ko kwabo ba. Falken shanun da ke iya yini yana ciniki a kan maraƙi guda ya kama haya bai taya ba, amma ni ban ga komai a ciki ba sai iya bakina.

Kada ku so ku ga yadda na cika na batse. Na sayi tsire na raba a ofis. Na tara sauran masu gwaji a ƙarƙashin bishiya na koya musu dabarar ciniki, har da yadda ake miƙa hannu in ana nuna gari. Na bi ta gaban sito a kan babur ina danna oda.

Wata ya cika, na ɗauki fayil na hau dubawa da mabuɗin ofis. Sashen wayam. Babu gado, babu labule, ko tsintsiya babu. Abu ɗaya ne sabo: an garƙame ƙofar baranda da ƙaton kwaɗo irin na motar shanu. Babu kaya babu rahoto, babu rahoto sai sito, kuma saura 'yan kwanaki wa'adina ya cika. Na ji tsoro ƙwarai, musamman da na tuna odar da na danna.

Na hau babur na nufi Ƙofar Marke ina tambaya, aka yi ta nuna mini lungu har na iso ƙofar gidan. Ina kafe babur na ɗaga kai, sai ga dabino biyu sun leƙo ta saman katanga, ɗaya ya karkace. Na juya baya a hankali. Ga benenmu can tsaye, barandar hawa na shida tana kallona tar, har ƙarfen da nake jingina gwiwar hannu ina gani. Na yi niyyar in tura babur in sulale, amma Alhaji na zaune a zaure, ya riga ya gan ni.

"Shigo, Malam Garba. Na san kana tahe."

Na tuɓe takalmi na durƙusa a gefen tabarma. Muka gaisa, aka kawo fura a ƙwarya. Ban kai ludayi baki ba sai ga akuya ta ratso zaure a guje, muryar tsohuwa na bin ta da faɗa daga cikin gida. Alhaji ya bi akuyar da kallo, ya ce, "Ka gane ta ko? Ta cikin silima ta."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Ya ce, "Tsohuwar da kaka kallo Inna ta, ita ta haihe ni. Tun da anka kawo ta gidan ga tana amarya, baƙon namiji bai ga kanta ba sai kai. Ita ma tar riga ganin ka. Tac ce mani wani mai igiya ga wuya shina tsayi can bisa kullum la'asar, da idanun ƙarhe." Hannuna ya kai kan laktaye da kansa. "Na gina sabon gida, na kwashe iyali, Inna tac ce ba ta barin ɗakin mijinta. Ban iya rushe benenku, ban iya ɗaukar Inna. Abin da nika iyawa shi na in kama wurin in kulle."

Sai ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na faɗi sunan mahaifina, ashe ya san shi.

"Gidanku zaure nawa na kahin a kai tsakar gida?"

"Biyu, Alhaji."

"Don mi?"

Shekara ashirin da wani abu ina ratsa zaurukan nan safe da yamma, kwas na wata uku ya shafe mini dalilinsu. A nan na gane abin da ya sa attajiran nan ke sunkuyar da kai a baranda. Ba tsawo suka ji tsoro ba, tsakar gidajen mutane suka gani, suka ji kunyar da ni ban ji ba.

Na ba shi haƙuri iya iyawata, na roƙe shi ya roƙar mini Inna gafara. Ya leƙa ciki ya ɗaga murya ya ce mai igiya ya zo neman afuwa. Muryar ta dawo ta bayan katanga: "Na yahe mai. Ka ce in kallo shika so, shi riƙa yin sallama. Kuma a kwance mai igiyar ga shi sha hura, kak shi shaƙe muna cikin zaure!"

Na kwance, na sha. Sannan, da yake mai neman aiki ba ya rasa ƙarfin hali, na kawo kukana: in ba a ga kayansa a sashen ba, sito zan koma. Alhaji ya ce, "Kaya wane iri dokarku tac ce?" Na ce ba ta fayyace ba. Ya miƙa hannu ya naɗe wata tabarma a gefensa, ya ɗauko buta, ya ce in ɗaura a babur.

Da kaina na hau da su, ta matakala, don an ɗauke wuta. Na shimfiɗa tabarmar a tsakiyar falo, na ajiye butar a gefe, na rubuta cewa na duba na ga kayan mai haya. Malam Ladan ya karanta, ya ce, "Waɗanne kaya?"

"Tabarma da buta, ranka shi daɗe."

Ya cire tabarau ya murza ido, na ga kafaɗunsa na rawa. "Ga wurin salla, ga abin alwala. Mutum ya tare." Ya sa hannu. Har na kai ƙofa ya ce, "Garba, ya labarin mutanenmu? Sun waye?" Daga baya na ji cewa tun ana ginin ya faɗa wa manyan kamfani zancen barandar nan, suka ce zanen ginin daga waje aka kawo shi, ba a taɓawa.

Alhaji Mu'azu ya riƙe sashen shekaru da dama. Duk shekara ni ke kai masa takardar sabuntawa har zaure, ba laktaye, in gaida Inna ta bayan katanga, ta tambaye ni lafiyar wuyana. Wata safiya, lokacin na zama cikakken jami'i, ya shigo ofishina ya ajiye mabuɗi da madubin nan a kan tebur. Ya ce, "Inna ta koma. Yanzu ba mai leƙen ta." Raina ya ɓaci matuƙa, na ce masa Allah ya jiƙanta.

Kafin in sake ba kowa sashen, na yi ta rubutu har aka yarda aka ɗaga bangon barandar ya wuce tsayin mutum, don gidan Inna ba shi kaɗai ba ne a ƙarƙashinta. Ku da ke tambaya me ya sa fulat mafi tsawo a benen ba a hangen komai daga cikinsa, yau kun ji.

Abin da na koya shi ne, a garin nan darajar gida tana ga abin da ya suturta, na mai shi da na maƙwabcinsa. Kafin ku hau da mai haya sama ku nuna masa gari, ku fara sauka ku shiga lungu, ku tsaya a ƙofar gidan mutane ku ɗaga kai. Na yi mu'amala da masu haya iri-iri har na tsufa a aikin nan, amma wanda ya fi kowa sanin amfanin abin da ya kama bai kwana a ciki ko sau ɗaya ba.