Mai Sallah a Rana

A bayan kasuwar Illela ana ginin siton albasa mai bene. Nan nake ganin wani dattijo siriri, hularsa ta koɗe, bayan hannunsa duk tabon walda. Ban san sunansa ba. Ina jin ya tsufa cikin aikin ƙarfe, wataƙila har ya taɓa tono mutane daga ƙarƙashin gini.

Yana kan tsani, yana shafa bayan dogon ƙarfen da za a zuba kankaren bene a kansa. Sumul yake. Sai ya ɗaga murya ga mai ginin.

"Alhaji, ina ƙusoshin da za a yi wa walda bisa nai? Su ka haɗa kankare da ƙarhe su zan abu guda. In babu su, wanga ƙarhe ya yi ƙanƙane."

Mai ginin bai ko fito daga mota ba. "Mi? Ƙusa ɗari huɗu, ga kuɗin walda? Malam, Allah ka tsarewa."

Dattijon ya sauko daga tsanin.

An kira azahar. Leburori suna shimfiɗa tabarmi a inuwa, ƙarƙashin ɓangaren benen da aka riga aka zuba wa kankare. Shi kuwa yana jan buzunsa waje, cikin tsakar rana, yana ta da kabbara shi kaɗai.