Hannun da Ya Ja Anka

Ina cikin juya shayina na safe a mamak, wani gidan abinci a unguwar Wangsa Maju, sai ga wani mutum a teburin gabana, dogo, gemu ya fara furfura, hannun dama naɗe da bandeji. Kusa da farantinsa na gurasar roti akwai wani ƙarfe mai haƙora, rabinsu a karye.

Waya na maƙale a kafaɗarsa, Hausarsa irin ta Yawuri na fita da zafi.

"Yaya Hambali, daina ba ni haƙuri. Tun bara nake gaya wa mai jirgin ruwan cewa injin jan anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ya gaji. Jiya ya mutu a tsakiyar ruwa, da hannuna na jawo sarƙar. Yanzu wai in liƙe wannan da walda, gobe mu koma."

Ya kai dama ga roti, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Hagu ta matso, ya harare ta, ya mayar da ita cinya. Ina zaton wata uwa a Yawuri ta taɓa buge hannun nan a bakin kwano, har yau bai manta ba.

"Ba zan koma ba," ya ce a wayar.

Ya bar ƙarfen da rotin a tebur, ya tura ƙofa da kafaɗa, ya fita.