Tsohuwar Rijiyar Gwaggo Dija

Tahiru mai hoto taubashina ne, ɗan Gwaggo Dija, don haka ina da damar faɗin gaskiya a kansa: tun da nake ban taɓa ganin namiji mai tsoro irinsa ba. Yana yaro zakara ya taɓa korar shi har cikin rumbu. Da ya girma ya tafi Maraɗi ya koyo ɗaukar hoto, ya dawo ya buɗe shago a Cadawa, inda ni ma nake aure. Har yau in jandarma ya shigo ɗaukar hoton kati, sai ka ga Tahiru yana ta durƙusa masa kamar ya ga surukinsa. Amma aikinsa ba shi da makusa. Da kwamfutarsa yakan share wa amare ƙuraje, ya tsayar da mai tireda a gaban jirgin saman da bai taɓa shiga ba.

Shekarar da sojoji ke riƙon ƙwarya, ana shirin mayar da mulki ga farar hula, kasuwarsa ta buɗe, don kowane ɗan takara yana son a gyara masa fuska. Cikin wannan hidima ne wani ma'aikaci daga kwamitin sasanta manoma da makiyaya ya kawo masa taswira biyu. Ɗaya ta zamanin Nasara ce, ta yi ja, duk ta karye a wuraren ninki. Ɗayar sabuwa ce, tana nuna gonaki yadda suke yanzu. A ƙauyenmu, can wajen Gangara, burtalin da shanu ke bi ya ɓace cikin gonaki, kuma a daminar da ta wuce saura kaɗan a zubar da jini. Abin da ake so shi ne ya ɗora tsohuwar a kan sabuwar, a ga inda burtalin yake tun asali. Gonar da ya ratsa, za a karɓe ta.

Tahiru ya so ya ƙi, amma tsoron cewa a'a ya hana shi.

Ya kwafe su cikin kwamfuta, ya dishe tsohuwar har ana hango sabuwar ta ƙarƙashinta kamar ta cikin gyale. Ya ja ta, ya juya ta kaɗan, ya miƙe ta, har tudun makabarta ya hau kan tudun makabarta. Saura wuri guda da zai kafe ta, wato rijiya. To a nan gizo ke saƙar. Rijiya ɗaya tsohuwar taswirar ta nuna, kuma an daɗe da cike wannan rijiyar. Wasu sun ce tana gabas da masallaci, wasu sun ce tana gindin tsamiya. In ya kafe a gabas, burtalin gonar Audu mahauci yake ratsawa. In ya kafe a tsamiya, sai layin ya zame ya faɗa tsakiyar gonar mahaifiyarsa, gonar da take ci da ita tun da mijinta ya rasu.

Ya nuna mini da idona, yana matsa layin gaba da baya.

"Saliha, kin gani? Taɓawa guda, gonar mutum ta tahi."

Ban yi masa dariya ba rannan.

Labari ya isa ƙauye. Ranar kasuwa Audu ya shigo shagon, ya zauna bai ce a ɗauke shi hoto ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Na ji an ce kai ka raba ƙasa yanzu. To ka raba da kyau." Ya tashi ya fita. Daga ranar Tahiru ya daina cin abinci. In babur ya tsaya a ƙofar shago sai ya zabura. Yana tsoron wuƙar Audu, yana tsoron in ya yi ƙarya makiyaya su biyo layin da ba shi ba a kashe wani, kuma abin da ya fi firgita shi duka shi ne bakin uwa.

A ƙauyen, tsofaffin da suka sha ruwan wannan rijiya sun ƙare, sai Gwaggo Dija kaɗai. Ita ce za ta raba gardamar, ita kuwa ba ta san ma ana yi ba, don kunnenta ya yi nauyi, ba ta kuma shiga zancen maza.

Ya roƙe ni in raka shi. Muka hau amalanke muka tafi. Mun same ta tana ɓarar wake, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce, "Inna, wai ina tsohuwar rijiya take ne?"

Sai fuskarta ta washe. Rabon da wani ya tambaye ta wani abu na da, ta manta. Ta ɗauki sandarta ta yi gaba, muna biye. Tana tafe tana ba mu labarin yadda aka kawo ta amarya, yadda igiyar guga ta salle mata hannu, da waɗanda suke layin ɗibar ruwa tare, duk sun riga mu gidan gaskiya. Muka zo daidai masallaci. Na ga Tahiru ya rage tafiya, leɓunansa na motsi da addu'a. Ba ta ko waiwayi gabas ba, ta wuce.

A gindin tsamiya ta tsaya, ta caka sandarta a ƙasa.

"Ga ta nan. Ko makauniya nike, ba ta ɓace mini."

Tahiru ya zube a wurin. Ya matsa kusa da kunnenta ya faɗa mata komai. Ya ce ba wanda ya ji sai mu uku, in ta ce gabas ne, gabas zai kafe. Wallahi na so ta ce gabas.

Gwaggo ta juya tana kallon wajen gonarta. Geron ya fara bununi.

"Da ka faɗa mini kahin mu taho," in ji ta, "da na ce na mance."

Ta zare sandarta daga ƙasa.

"Amma na riga na nuna. Tashi ka tahi ka kafe ta inda take."

Ta juya ta nufi gida ita kaɗai. Da na yunƙura zan riƙe mata hannu, ta ture ni.