Anti Mai Gwaji da Kyaftin da Aka Bari a Waje

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin. Makullin ƙasa mai gardama ne, sai ta tokare ƙofar da gwiwa kafin ya yarda ya juya. Tana shiga ta zuge labulen taga guda, ta bi kwamfutoci goma sha huɗu tana kunnawa, ta goge madannai da wani tsohon ɗankwali, ta leƙa ƙarƙashin tebura ko wani ya bar ɓawon ayaba. Sannan ta zauna a kujerar kusurwa, wadda aka ɗaure ƙafarta da wayar wuta, ta ɗiga maganin ido, ta runtse har raɗaɗin ya lafa. Shekara goma sha ɗaya haka safiyarta take a ɗakin kwamfuta na cibiyar koyon sana'a, inda ta samu mafaka bayan an rufe ofishin da take buga wa takardu. Ba ta taɓa haɗa wasa ko guda ba. Amma duk wanda ya taɓa haɗa wasan kwamfuta a ɗakin nan ya san ta da suna ɗaya, Anti Mai Gwaji.

Sau ɗaya a shekara cibiyar kan shirya gasa. A ba da jigo, kowa ya haɗa ɗan wasansa cikin kwana uku, a ɗora a shafin gasar, sannan a yi mako biyu ana bugawa, ana ba da maki, ana rubuta sharhi. Haka dokar ta ce. Abin da ake yi kuwa, mutum ya buɗe wasan ɗan'uwansa minti biyu, ya rubuta "ya yi kyau, duba nawa", ya wuce. Anti ba ta da nata da za a duba. Ita kaɗai take bin kowane wasa har ƙarshe, littafin rubutu a gefe, tana rubuta inda ta ɓata, inda ta yi dariya, da inda hamma ta kama ta. Idan ta zo sharhi, sai ta fara da abu ɗaya da ya burge ta, sannan ta kawo gyara uku, ba ta ƙarawa ko da ta ga talatin. Takan ce wanda ya kwana uku bai yi barcin kirki ba, uku kaɗai zuciyarsa za ta iya ɗauka.

Malamin lissafi na cibiyar ya sha ba da labarin yadda ta yi wuni guda a kan wasansa na tseren keke, ta gano wani lungu da keken ke nutsewa cikin ƙasa, ta zana masa wurin a takarda kamar mai kwatancen gidan biki. Wata ma'aikaciyar jinya kuma har yau sharhin da Anti ta yi mata yana cikin jakarta, takardar ta yi laushi saboda ninki. Anti, ke ce kike yi wa aikin mutum kallon da shi kansa ya ji kunyar roƙa. Ke ce mai zama idan kowa ya tashi.

Bana ne likitan ido ya yanke hukunci. Hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma yana bin sahu. Ya ce ta bar kallon kwamfuta, in ya zama dole kada ya wuce minti ashirin a rana. Ta gaya wa shugaban cibiya za ta ajiye aiki a ƙarshen wata mai zuwa, amma sai ta ga bayan gasar. Jigon bana sararin samaniya ne, wasanni sittin da ɗaya. Haka ta riƙa bin su tana satar mintuna, ta buga kaɗan, ta rufe ido da tafin hannu, ta sake buɗewa, hawaye na gangarowa ba na kuka ba.

Ranar Laraba, saura kwana biyu a rufe ba da maki, ta iso kan na ƙarshe, mai suna "Kyaftin Ya Manta Makulli". Wani magidanci ne ya haɗa shi, mai tsaron sito a kantin kayan gini, ana ce masa Dogo. Karo na huɗu ke nan yana shiga gasar bai taɓa fitowa daga sahun baya ba. A wasan, kyaftin ɗin kumbon sama jannati ne ya fita waje gyaran fitila, ƙofa ta rufe, yana yawo cikin taurari yana ƙwanƙwasa tagogi, ma'aikatansa na ƙin buɗe masa. Dogo ya sa wasan a rukunin barkwanci. A ƙasa kuwa sharhi huɗu ne kacal. Biyu sun ce ba su gane ba, ɗaya ya tambaya ina dariyar take, na huɗu ya ce gara ya riƙe sitonsa da kyau. Dogo ya amsa musu da layi ɗaya, cewa ya gode, ranar da aka rufe maki zai goge wasan, ya haƙura da harkar.

Anti ta danna. Kyaftin ya ƙwanƙwasa tagar farko, wani farin rubutu ya gilma a ƙasa ya ɓace. Ta matso da fuskarta, ta sake gwadawa, ya sake gilmawa. Ta janye hannu daga madannai ta ɗora a cinya, ta zauna cikin ƙarar fanka, tana tunanin ashe ranar ce ta zo, ashe haka duhun yake sallama, ba da dare ba, da rana tsaka, a gaban wasan yara.

A haka 'yarta ta same ta, ta zo da azahar don ta raka ta gida. Ta fara faɗa, ta ce tun daga bakin ƙofa ta ga idon ya yi ja, kuma za ta kai ƙara wurin Baba. Anti ta ce ta ajiye ƙarar tukuna, ta zo ta karanta mata abin da ke fitowa a nan. 'Yar ta duƙa, ta zuba ido, rubutu ya gilma.

"Mama, ni ma ban kama ko kalma biyu ba. Wannan ai ko mai ido huɗu ba zai karanta ba."

Anti ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ba idonta ba ne, wasan ne. Kuma nan take ta gane abin da ya faru, don ta ga irinsa a wasu sigogi. Dogo ya haddace barkwancinsa tun yana rubuta su, da ya zo gwadawa kallo ɗaya ya ishe shi, sai ya ba kowane layi sakan ɗaya. Duk dariyar tana nan, tana wucewa ta gaban mutane ba wanda ya gan ta.

'Yar ta ce to an gano, a rubuta masa layi biyu a tafi. Anti ta ƙi. Ta ce mutumin da ya ce zai goge aikinsa ba gyara yake jira ba, so yake ya ji an yi dariya, ita kuwa ba za ta ce ta yi ba alhali ba ta yi ba. Sai suka raba aiki. Anti na tuƙa kyaftin daga taga zuwa taga, 'yar na ɗaukar bidiyo da waya, ta tsayar, ta karanta. Mai dafa abinci na kumbon ya ce kyaftin ya hana a buɗe wa kowa, shi kuma mutum ne mai bin doka. Kyaftin ya ce ai shi ne kyaftin, mai dafa abinci ya ce to ai kai ka faɗa. Likitan kumbo ya ce ya dawo gobe da katinsa. Kwamfutar kumbo ta nemi kalmar sirri, wato ranar ɗaurin aurensa, kyaftin ya yi ta canka yana faɗuwa. A nan Anti ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, 'yar ma ta kasa riƙe wayar. Layi arba'in da uku suka tsinto. Sa'a uku suka yi, ita da aka ba minti ashirin.

Ba ta iya buga sharhin da hannunta ba, ita da ta yi rabin rayuwarta tana buga takardun mutane. Ta faɗa, 'yar ta rubuta:

"Ɗana, na kai ƙarshen wasanka. Na yi dariya sau tara, mafi ƙarfi a wurin ranar aure. Gyara ɗaya ne: ka bar rubutun ya jira sai an danna. Kai ka san abin da ke ciki, mu ba mu sani ba. Kada ka goge."

Dokar gasa ta hana gyara kafin a rufe maki, don haka wasan ya zo na hamsin da bakwai. Amma Dogo bai goge ba. Ranar da Anti za ta miƙa makulli, sai ga shi da kayan aiki, siminti a takalminsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ya gyara, minti biyar gyaran ya ɗauke shi. A lokacin idon dama ya koma kamar mai kallo ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Likitan ido bai ce wunin Laraba ne ya jawo ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ta juya wa kwamfuta baya, ɗalibai suka taru suna bugawa, dariya na tashi a bayanta daidai wuraren da ta sani. Dogo na tsaye yana murza hularsa. Da aka gama ta kira shi kusa, ta ce barkwancin likitan kumbo ya yi tsawo, ya rage. Ya ce to, Anti.

Cibiyar ta ba ta kyautar agogon bango, wanda ba ta iya ganin hannayensa. Ba a ɗauki kowa a gurbinta ba, an ce malamai za su riƙa karɓa-karɓar makulli. Makulli kam za a iya karɓa-karɓa.

Anti, ke ce kika kashe sauran haskenki a kan dariyar wani. Babu lambar yabo mai sunanki, babu wasa guda da ya rubuta ki a jerin waɗanda suka haɗa shi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sanyaya miki idanun nan, ya bar miki abin da ya rage.

Ku kuma da idanunku ke lafiya, gasa za ta sake zagayowa, kuma za a sami wani a can ƙasan jeri da ba wanda ya kai ƙarshen aikinsa. Ku buɗe nasa. Ku zauna har ya ƙare, sannan ku gaya masa gaskiyar abin da kuka gani.