Kifin da ƙuda ya ƙi

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a Mayo Gwoi ya san Margaret, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da hayaƙi ya rina wa idanu, wadda ba ta iya ciniki ba sai da faɗa. 'Yar masunci ce daga Lau, a cikin kwalekwale ta yi wayo, aure ne ya kawo ta Jalingo. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana banda a bayan gidanta.

Da can, in motar Lau ko ta garin Mutum Biyu ta iso, sai ta zaɓa ta darje. Giwan ruwa sai ƙarti biyu sun kama kafin a sauke shi. Sannu a hankali kwandunan suka ragu, kifin ciki ya ƙanƙance, har aka kai ga mota ta zo da doya a maimakon kifi. Su kuwa ma'aikatan gwamnati kowa ya gina tanki a bayan gida yana kiwon tarwaɗa, yanzu ita ce ta cika kasuwa. Margaret na saye don dole, tana banda tana tsaki. Wai kifin da ya girma a siminti yana cin abincin buhu, shi ma kifi ne?

Da kamu ya yi wuya, wasu marasa tsoron Allah suka koma zuba maganin ƙwari a ruwa, kifi ya taso matacce su kwashe. Saboda haka Margaret ta kafa wa kanta doka. Duk kifin kogin da ya shigo gidanta, sai ta shanya shi a faranti ta koma gefe tana kallo. In ƙuda ya rufe shi, lafiya lau. In ƙuda ya yi shawagi ya wuce, sai rami. Ba ta taɓa tsallake wannan ba sai rana ɗaya.

Ranar, autarta Cynthia na da kwana huɗu da haihuwa a gidan mijinta a unguwar Sintali. Da safe wani mutum da ba ta sani ba ya tsaya a ƙofa da kwando, ya ce daga bakin kogi yake. Da ya ɗaga ganye sai ga kifin nan ragon ruwa a sama, ƙato, irin wanda rabonta da gani an fi shekara biyar. Murna ta rufe mata ido, ta saye kwandon duka. Mai jego ba ta da abin da ya fi farfesun kifin kogi, ga shi Allah ya kawo har gida. Tana cikin gyarawa sai ga Simeon, mijin Cynthia, ya biyo a babur zai wuce ofis.

"Juya ka kai wa mamanka wannan," in ji ta. "Ta dafa wa Cynthia yanzu yanzu, ta sa yaji sosai."

Sai wajen sha biyu ta koma bayan gida don ta hura wutar banda. Sauran kifin kwandon na nan cikin faranti a rana, tas, ko ƙuda ɗaya babu, alhali ga su can sun yi baƙi a kan tarwaɗar tanki. Ta juya wurin da ta zubar da kayan cikin ragon ruwan. Kazarta na kwance a gefe tana shure-shure, wuya a murɗe, 'yan tsaki uku kuwa sun riga sun sandare.

Margaret mai bakin da ake ji daga titi, ranar ko ihu ta kasa. Ta kira Cynthia, waya a kashe. Ta kira Simeon sau biyar, bai ɗauka ba. Ta fita da silifa ɗaya a ƙafa, ta tare keke napep.

"Sintali! Don Allah ɗana, ka yi gudu."

"Mama, go-sulo ne a gaba fa."

"Ka bi ta kan mutane in ya kama!"

Ta fara addu'a ta manta tsakiyarta, ta sake farawa. Tana ta lissafin lokaci: ƙila itace ya ƙi kamawa, ƙila baƙi 'yan barka sun hana girki, ƙila Cynthia na barci. Ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Tana shiga gidan ta ga Lois, uwar Simeon, a tsugune bakin famfo tana wanke tukunya.

"A'a, Maman Cynthia! Kin zo a daidai, kifin nan naki ya yi kyau..."

"Wa ya ci?"

"Mai jego mana. Ni ko romo ban taɓa ba, nata ne."

Margaret ta banka ƙofar ɗaki. Cynthia na zaune a bakin gado tana ba jaririya nono, gumi na tsattsafo mata a goshi, yawu ya taru a gefen bakinta.

"Mama, cikina yana juyawa," ta ce.

Margaret ta fizge jaririyar daga ƙirjinta. Yarinyar ta tsala kuka, Lois ta ɗora hannu a ka, maƙwabta suka cika tsakar gida. Da keken da ya kawo Margaret aka kwashe su zuwa asibiti, Cynthia na amai a zanin uwarta duk tsawon hanya.

Allah ya taƙaita. Zuwa la'asar aman Cynthia ya tsaya, aka sa mata ruwa, aka duba jaririyar aka ce ba abin da ya same ta. Amma likita ya hana nono sai nan da wasu kwanaki. Margaret ta zauna a gefen gado tana ɗiga wa jikarta madara da cokali, yarinyar na turewa tana neman uwarta.

Da Cynthia ta buɗe ido, Margaret ta daure ta yi tambayar da ke cin ta tun rana.

"Ke ba ki ji komai a bakinki ba? Ba ni na koya miki kifi ba?"

"Na ji, Mama. Da ɗaci-ɗaci, kuma yana warin magani." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Amma na ce tunda daga hannunki ya fito, bakina ne na jego. Sai na cinye duka."